Wai Gwaranci Zagi Ne? Amsa Ga Wata Uwa

"Assalamu alaikum Malama. Don Allah ina neman ƙarin haske a kan kalmar gwaranci. Yarona shekararsa 2 da wata 8 amma har yanzu in yana magana ni kaɗai nake gane abin da yake cewa, surukata kullum sai ta ce yaron nan har yanzu gwaranci yake. Rannan na maimaita maganar a gaban maƙwabciyata, ashe ita Gbagyi ce ban sani ba, sai na ga fuskarta ta canza, tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu. Wai kalmar zagi ce? Sannan in damu da maganar yaron ko in bar shi bakinsa zai buɗe da kansa?"

Wa alaikumussalam ƙanwata, Allah ya raya mana yaro ya yi masa albarka. Tambaya biyu kika yi a dunƙule, ɗaya a kan kalma ɗaya a kan bakin yaro, kuma na ji daɗi da kika haɗa su don kuwa kalmar ce ta haɗa su tun asali. Ni malamar Hausa ce, na fara koyarwa a ajin ƙananan yara a yankin Suleja kafin na koma sakandare, yau sama da shekara 20 ke nan ina fama da bakin yara da na manya, to da abin da na karanta da abin da na gani da idona zan ba ki amsa. Bari mu fara da kalmar.

Daga ina kalmar ta fito

Gwaranci dai Gwari ne aka liƙa masa ɗafin nan na -anci, irin wanda kike ji a Turanci, Fulatanci, Yarabanci, Kananci, Sakkwatanci. Aikin ɗafin na farko shi ne nuna harshen wasu mutane ko karin harshensu. Amma yana da aiki na biyu, wato nuna hali ko salon yin abu, kamar ƙauyanci, wawanci, shashanci, barikanci. To ita gwaranci ta taka duka biyun. A ma'anarta ta farko harshen Gwarawa ne kawai, kamar yadda za ki ce Nufanci, babu wani abu a ciki. A ma'ana ta biyu kuma, wadda ita ce ta fi yawo a bakin mutane yanzu, duk maganar da ta fito ba a gane ta, ko ta fito a karkace, sai a ce gwaranci.

Su kuwa mutanen da muke kira Gwari, su ba haka suke kiran kansu ba. Gbagyi suke cewa, wasu kuma Gbari. Suna nan da yawa a jihar Neja wajen Minna, Kuta da Paiko, da jihar Kaduna wajen Chikun da Kagarko, da Nasarawa wajen Karu, ga kuma Abuja, inda garuruwa irin su Garki da Bwari da Kwali nasu ne tun kafin a yi dokar mayar da wurin babban birni a 1976, balle tarewar gwamnati a 1991. Matar nan da kike gani a bayan takardar naira 20 tana ginin tukunya, Ladi Kwali, 'yarsu ce. Harshensu ɗan'uwan Nufanci ne, ba dangi ɗaya suke da Hausa ba ko kaɗan, Hausa tana cikin harsunan Cadi ne, shi ya sa in Bahaushe ya saurara ba ya tsintar komai a ciki.

Kuma mun daɗe tare da su fa. A labarin Bayajida an lissafa Gwari cikin Banza Bakwai. Bayan jihadi da sarakunan Haɓe na Zazzau suka baro Zariya, cikin ƙasar Gwari da Koro suka sauka har Abu Ja ya kafa garinsa a 1828, garin da yau muke kira Suleja. A ƙarni na 19 ɗin nan kuma ƙauyukansu sun sha hare-haren kamun bayi, musamman daga ɓangaren Kontagora. Ina kawo miki wannan ne don ki gane cewa ba a kasuwa kaɗai aka haɗu ba, akwai zaman da wani yake sama wani yake ƙasa, kuma irin wannan zaman yana barin tabo a jikin kalmomi, mai faɗa ya manta, wanda ake faɗa wa bai manta ba.

Yanzu ga abin da nake so ki riƙe. A harshensu akwai sautin gb, wanda ake haɗe leɓe a kuma ɗaga bayan harshe ya taɓa hanɗa a lokaci ɗaya, Hausa ba ta da shi. Da kakanninmu suka ji Gbari bakinsu bai iya kamawa ba sai suka ce Gwari. Kin ga ke nan sunan da muke auna karkatar harshen wasu da shi, shi kansa a karkace ya fito daga bakinmu. Duk shekara in na zo wannan darasin sai na sa 'yan aji su gwada cewa Gbagyi, Hausawan cikinsu sai ki ji Bagi, Gwagi, Gabagi, su kuma yaran Gbagyin da Yarbawan su faɗe shi tsaf ba wahala. Daga ranar ba na ƙara jin wani ya yi wa wani dariyar tsaya da saya.

Ba mu kaɗai muka yi haka ba. Larabawa suna kiran wanda ba Balarabe ba ajami, kuma tushen kalmar shi ne rashin bayyanar magana, har a Suratun Nahli aya ta 103 an gwama harshen ba'ajame da harshen Larabci bayyananne. Daga nan rubutunmu na ajami ya samo sunansa, wato a kunnen Balarabe mu ma 'yan gwarancin ne. Kuma da gaskiyarsa ta wani ɓangaren, ki duba yadda muka yi da harafinsu na ladi (ض), ƙadi ya zama alƙali, wudu'u ya zama alwala, farida ta zama farilla, darura ta zama larura. Girkawan da can ma duk wanda ba ya jin harshensu barbaros suke ce masa, wai don maganarsa bar-bar kawai take shiga kunnensu. Kowa dai kunnensa ne ma'auninsa.

Yadda ake amfani da ita yau da kullum

Wuri na farko, kuma mafi daɗi, shi ne bakin jariri. In yaro ya kai wata 6 zuwa 9 ya fara ba-ba-ba, da-da-da, yana kallon fuskarki yana ɗaga murya yana saukewa kamar mai ba da labari, sai ki ji an ce lah, ya fara gwaranci. Wannan murna ce zalla, kakanni har amsa masa suke, "iye, haka aka yi? to sai kuma me?" Babu wadda take tuna wata ƙabila a lokacin, kuma na tabbata a wannan ma'anar surukarki ta faɗa, sai dai ta haɗa da 'yar damuwa don ta ga shekarun sun ja.

Na biyu shi ne Hausar ɗan koyo. Nan ne ake cewa bagwariyar Hausa, ko wane Hausarsa gwaranci ce, ko da kuwa mutumin Ibo ne ko Bature ko Bafulatanin daji. Abubuwan da suke sa kunnen Bahaushe ya ce haka ba su da yawa, kusan guda 3 ne a abin da na lura. Akwai baƙaƙe masu lanƙwasa da ts, sai ƙasa ta zama kasa, ɗaka ta zama daka, tsoro ya zama soro. Akwai karin sauti da tsawon wasali, wanda shi ne yake raba kukan yaro da kukar miya, ko garin Kano da garin tuwo. Sai kuma jinsi, matata ya zo, mijina ta tafi, wannan kam shi ya fi saurin tona ɗan koyo, saboda harsuna da yawa na maƙwabtanmu ba sa raba namiji da mace a wakilin suna, to mutum ya girma bai taɓa buƙatar rabawa ba, rana ɗaya ki ce sai ya san cewa rana mace ce wata namiji ne, ai da aiki.

Na uku shi ne na faɗa da raini. Mutum ya yi bayani bai gamsar ba, ko an ƙure shi ya fara haɗa wannan da wancan, sai a ce dalla malam daina mana gwaranci. A Facebook ma in wani ya rubuta Turancin da bai zauna ba haka za ki ga an cika masa ƙasan rubutu da shi. Wannan kam harbi ne, ba wasa a ciki.

Wani abin da yake ba ni sha'awa shi ne daga wannan tushen dai muka samu gwari-gwari, wadda ma'anarta kishiyar gwaranci ce. In aka ce yi min bayani gwari-gwari ana nufin filla-filla, a fili, ba zaurance ba lauje cikin naɗi. A fahimtata hoton da ke ciki shi ne yadda ake sassauta magana a warware ta ga wanda Hausa ba ta zauna masa ba. Kin ga kalma ɗaya ta haifi duhun magana ta kuma haifi haskenta. Ga kuma kayan gwari da 'yan gwari a kasuwa, masu tumatir da tattasai da albasa, wanda shi babu ruwansa da magana sam.

'Yan'uwanta da ake rikita su da ita

Hausa tana da kalmomi da yawa a wannan fagen kuma kowacce da gurbinta, matsalar ita ce mun bar gwaranci ta haɗiye su. In'ina daban ce, mai in'ina ya san abin da zai faɗa sarai, kalmar ce take maƙalewa ko ta riƙa maimaituwa, kuma sau da yawa in yana waƙa ko karatu tare da jama'a sai ki ji ta tafi sumul. Tsamin baki kuma musayar sauti ne, yaro ya ce yuwa maimakon ruwa, tinkafa maimakon shinkafa, maganar tana tafiya daidai harafin ne bai nuna ba. Nauyin baki shi ne jinkirin fara magana ko ƙarancinta. Sambatu na mai zazzaɓi ne ko mai magagin barci, kalmomin a fili suke hankalin ne ba ya wurin. Soki-burutsu magana ce da ba ta da kai ba ta da gindi. Inda-inda da kame-kame na wanda aka ritsa ne yana neman mafita. Gunguni da ƙunƙuni na mai fushi ne da yake magana ciki-ciki don kar a ji. Zaurance kuwa da gangan aka lulluɓe ta. In kika lura, wasu a harshe matsalar take, wasu a hankali, wasu a niyya, ita gwaranci ce kaɗai a cikinsu da ta ɗauko sunan wasu bayin Allah ta ɗora wa aibin.

To zagi ce ko ba zagi ba ce?

A bakinki ba zagi ba ce, na yarda da wannan ɗari bisa ɗari, yawancin Hausawan da ke faɗarta ba su ma taɓa haɗa ta da wata ƙabila a ransu ba. Amma a kunnen maƙwabciyarki abin da ya shiga shi ne, harshen uwarta da ubanta, wanda ake mata waƙar reno da shi, shi ne sunan maganar da ba ta da ma'ana. Ki ɗauka a ce wasu mutane in jaririnsu yana surutun da ba a ganewa sai su ce yana Hausa, ko da dariya suka faɗa ai sai kin ji wani abu ya tsaya miki a wuya.

Ni kaina a aji na koyi wannan. Shekarata ta biyu da fara aiki, wata yarinya 'yar aji 2 ta tashi karanta jimla a allo ta ce "kasa" a wurin "ƙasa", na ce a'a, bar gwarancin nan ki faɗa da kyau. Aji ya kwashe da dariya. Yarinyar nan mai ɗaga hannu ce kullum, tun ban gama tambaya ba hannunta yana sama, amma daga ranar sai ta koma bencin baya ta naɗe hannuwanta a cikin hijabi, kusan sati 3 ban ji muryarta ba. Da na je gidansu na tarar da ita a tsakar gida tana ba ƙannenta labari da Gbagyi, baki ya buɗe kamar rediyo, tana yi tana kwaikwayon muryoyi suna ta ƙyalƙyala dariya. Yarinyar da take da harshe 2 tana koyon na 3 ita na kunyata a gaban yaran da guda ɗaya tal suke da shi. Na ba ta haƙuri a gaban mahaifiyarta, kuma tun ranar kalmar ba ta ƙara fita daga bakina a kan ɗalibi ba.

Ba na cewa a goge ta daga Hausa, ba ni da wannan ikon kuma harshe ba ya bin umarnin malamai. A tsakanin uwa da jaririnta a ɗaka har gobe za a faɗe ta. Amma a kan babban mutum, ko a gaban wanda kika san sunan nasu ne, ni dai ina ganin barinta ya fi, tunda ga wasu kalmomin birjik. Ki ce bakinsa bai gama buɗewa ba, ko Hausarsa ba ta nuna ba tukuna, ko kawai ban gane ba a maimaita min. Su kansu kuma ki kira su Gbagyi, shi suka fi so, ko bakinki bai kama gb ɗin ba za su ga kin yi ƙoƙari.

Maƙwabciyarki kuwa kar ki bari abin ya kwana da yawa. Ki shiga gidanta da kanki, ba aike ba, ki ce Maman wane rannan na yi wata magana a kan yarona na ga kamar ba ta miki daɗi ba, wallahi ban san nauyinta a wurinku ba sai daga baya, ki yafe min. Kar ki tsaya kare kanki da ai haka kowa yake cewa, ta san haka kowa yake cewa, shi ne ma abin da yake mata ciwo. In hira ta yi daɗi ki ce ta koya miki gaisuwar safe da harshensu.

Maganar yaron

Nan zan taka a hankali don ni malama ce ba likita ba, kuma ban ga yaron ba, abin da zan iya shi ne in gaya miki ma'aunin da masu lura da girman yara suke amfani da shi da kuma inda za ki nufa. Galibi yaro yana fara kalmar farko wajen shekara 1, a shekara 2 yana haɗa kalma biyu kamar Mama zo ko ba ni ruwa, kuma baƙon da bai saba da shi ba yana gane kamar rabin maganarsa. A shekara 3 baƙo ya kamata ya gane mafi yawanta, a shekara 4 kusan duka. Yara suna bambanta, wani ya yi gaba wani ya biyo baya, amma shekara 2 da wata 8 a ce ke kaɗai kike ganewa, ni a wurina ya isa a duba shi. Ba wai na ce akwai matsala ba, dubawar ce ba ta da asara, jiran ne yake da ita.

Kafin ki je ki lura da wasu abubuwa na kwana biyu. In kika kira sunansa daga bayansa da murya ƙasa-ƙasa yana juyowa? In kika ce ɗauko takalminka ka kai ɗaki, ba tare da kin nuna da hannu ba, yana yi? Yana nuna miki abu da yatsa don ki gani, yana kallon idonki, yana wasa da yara? Yana haɗa kalmomi ko da a karkace, ko guda-guda yake jefowa? Akwai kalmomin da ya iya da can ya daina faɗa? In yana fahimta yana haɗa jimla sautukan ne kawai ba su fita, yawanci tsamin baki ne kuma yana warwarewa, r da ts da ƙ dama su ne na ƙarshen zama a bakin yaran Hausawa, na sha ganin 'yan shekara 5 da ba su gama kama su ba. In kuwa fahimtar ce ba ta nan, ko ya daina abin da ya iya, to kar ki ƙara ko sati.

Abu na farko da za ki nema shi ne gwajin ji a wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Yaro abin da ya ji shi yake faɗa, in yana ji dishi-dishi haka zai mayar. A ƙasarmu sanƙarau, ƙyanda, shawarar jarirai mai tsanani da ciwon kunne mai zubar da ruwa duk suna taɓa ji, to in ya taɓa yin ɗaya daga ciki ki faɗa wa likitan ko bai tambaya ba. Na taɓa samun yaro a ajina da kowa ya sallama cewa daƙiƙi ne, ashe kunne ne, da aka yi masa magani aka dawo da shi bencin gaba cikin zango ɗaya ya zama wani yaro daban.

Za a ba ki shawarar a kai shi wurin wanzami a yanke linzami ko a cire belu, don Allah kar ki yarda a sa masa aska kafin likita ya gani. Linzami na gaskiya akwai shi amma ba shi ne yake hana yaro sanin kalmomi ba, belu kuwa babu ruwansa da jinkirin magana. Za kuma a ce miki wai harshe biyu ne ya rikita shi, in kuna masa Hausa makaranta tana masa Turanci, wannan ma ba haka ba ne, yara suna ɗaukar biyu har uku lafiya lau. Abin da yake rage musu baki shi ne a miƙa musu waya su wuni suna kallon katun ba mai ce musu uffan. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce ɗan shekara 2 zuwa 4 kar kallonsa ya wuce awa 1 a rana.

A gida ki yawaita yi masa hira kina aiki, ga albasa ina yankawa, ga ruwa ya tafasa. In ya ce yuwa kar ki ce ba haka ba ne, kar kuma ki biye masa ki ce yuwa, ki ce ruwa kake so? ga ruwa, ya ji daidai ɗin ba tare da an kunyata shi ba. Ki hana yayyensa kwaikwayonsa, ki kuma roƙi Hajiya cikin ladabi, ko ta bakin ɗanta in ya fi sauƙi, a daina faɗar kalmar a gabansa, don yaron da bakinsa bai buɗe ba kunnen zuciyarsa a buɗe yake.

Wani abu guda da ba na so in bari, tunda muna maganar magana marar fita. In babban mutum ne da yake magana lafiya lau sai kwatsam harshensa ya yi nauyi, maganar ta koma ba a ganewa, baki ya karkace ko hannu ɗaya ya saki, wannan ba gwaranci ba ne ba kuma abin jira a ga safiya ba ne, alamar shanyewar ɓarin jiki ce, a ɗauke shi zuwa asibiti a take.

Ranar da za ki kai yaron, ki ɗauki maganarsa a waya tun a gida lokacin da ya sake yana wasa, kamar minti 2 ko 3, don yara da yawa in sun ga farar riga sai su yi gum. Ki rubuta kalmomin da ya iya a takarda yadda yake faɗarsu, ki tafi da katin rigakafinsa, in an gama gwajin jin kuma ki tambaya ko akwai mai koyar da furuci a asibitin ko inda za su tura ku.